Ina 'Yan Aji Goma Suka Shiga?

Lokacin da aka koma makaranta a shekarar 2007, yara 381 ne suka zauna a aji 9 na sakandaren Bowie da ke birnin El Paso, a jihar Teksas ta Amurka. Da shekara ta zagayo aka buɗe rajistar aji 10, sai aka ƙirga 170. Ba a yi annoba ba, ba a yi ambaliya ba, amma yara 211, fiye da rabin ajin, babu su a inda ya kamata a same su. A daidai wannan tsakanin ne kuma sakamakon jarrabawar makarantar ya fara haurawa, har shugabannin ilimi na gundumar suka riƙa yawo da sunan Bowie, suna cewa ga makarantar talakawa ta farfaɗo, sauran makarantu su zo su koya.

Sai mutum ya san Bowie kafin ya ji nauyin wannan lissafi. Tana kudancin birnin, tafiyar ƙafa kaɗan daga kogin Rio Grande, wanda shi ne iyakar Amurka da Meksiko. A tsallaken kogin birnin Juarez yake. Unguwannin da makarantar ke ɗiba, Segundo Barrio da Chamizal, suna cikin mafiya talauci a ƙasar baki ɗaya. Kusan duk ɗalibanta 'yan asalin Meksiko ne. Wasu a nan aka haife su, wasu ba su daɗe da tsallakowa ba, kuma da yawansu Sifaniyanci suke yi a gida, Turanci sai an shiga aji. Sakandare a can shekara huɗu ce, daga aji 9 zuwa 12, kuma aji 9 shi ne kwatankwacin aji uku na ƙaramar sakandare a Najeriya.

Amsar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce ƙaura. Makarantar bakin iyaka ce, mutane suna zuwa suna komawa, uba ya rasa aiki ya kwashi iyalinsa ya tafi. Akwai kuma amsa ta biyu mai kama hankali: a ko'ina cikin Amurka aji 9 ne ajin da yara suka fi maimaitawa, kuma daga nan 'ya'yan talakawa suka fi zubewa. Duk wanda ya so kare gundumar yana da waɗannan hujjoji biyu a hannunsa, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Sai dai suna da rauni. Daga 2008 Juarez ta faɗa cikin yaƙin masu safarar miyagun ƙwayoyi, har a 2010 kaɗai aka kashe mutum fiye da 3,000 a birnin. A waɗannan shekarun iyalai gudowa suke yi zuwa El Paso, ba komawa ba. Sannan ƙaura ba ta zaɓen aji. Uban da zai tashi ba ya duba cewa ɗansa zai shiga aji 10 ne ko 11. Ramin da ya haɗiye yaran nan a wuri guda yake, tsakanin ƙofar aji 9 da ta aji 10.

Mutumin da ya ƙi barin maganar ta kwanta shi ne Eliot Shapleigh, lauya, sanata mai wakiltar El Paso a majalisar jihar daga 1997 zuwa 2011. Koke-koken iyaye da malamai ne suka riƙa isa ofishinsa, kowa da irin nasa: wannan an ce wa ɗansa ya nemi wata makaranta, waccan an mayar da 'yarta ajin da ta riga ta gama. A 2010 ya fito fili ya zargi hukumar makarantun gundumar da ɓatar da yara da gangan. Shi da mutanen unguwar suna kiran yaran da Sifaniyanci los desaparecidos, wato ɓatattu. Tambayar da ya kamata a fara amsawa a lokacin ita ce: mece ce a aji 10 da za ta sa wani ya so ya rage yaran cikinsa?

Amsar tana cikin wata doka da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu ranar 8 ga Janairun 2002, dokar da aka raɗa wa suna "Kada a Bar Yaro Ko Ɗaya a Baya". Manyan jam'iyyun ƙasar biyu ne suka haɗu a kanta, har da Sanata Edward Kennedy. Niyyar da ke cikinta mai kyau ce, kuma ina ganin ya kamata a faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Kafin ita, makaranta tana iya haɗa makin dukkan ɗalibanta ta fitar da matsakaici mai kyau, 'ya'yan masu hali su rufe asirin faɗuwar 'ya'yan talakawa. Dokar ta ce a daina. Dole a fitar da sakamakon kowane rukuni daban: na matalauta, na baƙaƙen fata, na 'yan asalin Latin Amurka, na masu naƙasa, na masu koyon Turanci. Rukuni ɗaya ya gaza, makarantar duka ta gaza. Idan gazawar ta jera shekaru, hukunci yana hawa mataki-mataki: a ba iyaye damar ɗauke yaransu, a tilasta darussan ƙari, a canza manhaja ko malamai, daga ƙarshe a rushe shugabancin makarantar a sake gini. An kuma sa buri cewa zuwa 2014 kowane yaro ya kai mizani a karatu da lissafi. Bowie ta riga ta yi nisa a kan wannan tsani, tana dab da matakan ƙarshe.

Ga inda zaren ya fara warwarewa. Teksas tana da jarrabawarta ta jiha, wadda ake kira TAKS a lokacin, kuma 'yan sakandare suna rubuta ta a aji 9 da 10 da 11. Amma a ma'aunin gwamnatin tarayya, sakamakon aji 10 kawai ake ɗauka a yi wa sakandare hukunci da shi. Yaron da ke aji 9 ko ya faɗi warwas, Washinton ba ta ganinsa. Haka na aji 11. Akwai kuma wata ƙa'ida ta biyu: ba a lissafa rukuni sai yaran cikinsa sun kai wani adadi, don kada a yanke wa makaranta hukunci a kan yara uku ko huɗu. Ke nan idan masu koyon Turanci a aji 10 suka yi ƙasa da wannan adadi, rukuninsu ya fita daga lissafi, kamar ba a taɓa yin su ba. Shugaban da ke tsoron kujerarsa yana da hanya biyu. Ko dai ya koyar da yarinyar da ta zo daga Juarez Turanci har ta ci jarrabawa, aikin da masana koyon harshe suka ce yana cin shekaru, ko kuma ya tabbatar ba ta cikin aji 10 ranar da za a rubuta.

Dalili ya samu ke nan, amma dalili ba hujja ba ne. Shugaban makarantun gundumar, Lorenzo García, wanda ya kama aiki a 2006 yana kula da ɗalibai wajen 64,000, ya musanta komai. Hukumar Ilimi ta Teksas ta duba ƙorafin Shapleigh har sau biyu a 2010, kuma duka biyun ta ce ba ta ga laifi ba. García ya ɗaga wannan wankewa yana nuna wa jama'a. Ga mai kallo daga nesa, magana ta mutu: ɗan siyasa ya yi zargi, hukuma ta bincika, an wanke wanda ake zargi. Shapleigh ya kai kukansa ma'aikatar ilimi ta tarayya, ya bar majalisa a farkon 2011 ba tare da an gaskata shi a hukumance ba.

Abin da bai kai ga jama'a ba a lokacin shi ne, hujjar tana cikin makarantar kanta, a hannun wata malama mai ba ɗalibai shawara. Aikinta ne ta duba kundin kowane yaro. A tsarin Amurka ba shekaru ke hawar da ɗan sakandare aji ba, yawan darussan da ya kammala ne. Kowane darasi yana da layinsa a kundin: sunan darasin, zangon da aka yi shi, makin da yaro ya samu. A Teksas 70 ne makin ci. Darussan da aka ci su ake tarawa, idan sun kai adadin da aka ƙayyade kwamfuta ta rubuta yaro ɗan aji 10, idan suka ƙaru ta rubuta shi ɗan aji 11. A ce yaro yana da 72 a lissafi, wani ya buɗe kundin ya mayar da shi 68: darasi guda ya goge, yaron ya gangaro aji 9 ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. A ce kuma wani yana da 60 a darussa biyu, aka ɗaga su zuwa 70: ya tsallake aji 10 ya dira a 11. Malamar ta ga irin wannan taɓi a kundin yara 77. An goge wa wasu abin da suka ci da guminsu, an rubuta wa wasu abin da ba su ci ba, kuma duk hanyar da aka bi, sakamakon ɗaya ne: yaron ya kauce wa aji 10. Ta kai rahoto sama. Masu binciken cikin gida na gundumar suka duba, suka kammala rahotonsu a 2011, suka tabbatar da an yi taɓin. Sai aka kulle rahoton a aljihun tebur.

Wannan ya warware kashi ɗaya na ɓatattun. Ba su bar makarantar ba. Suna zuwa kullum, suna zama a aji, amma a takarda an raba su, wasu baya wasu gaba. Don a cike giɓin waɗanda aka riƙe a aji 9, an ƙirƙiro gajerun kwasa-kwasai na gaggawa, inda yaro zai "kammala" darasin zango guda cikin 'yan kwanaki, wani lokaci 'yan sa'o'i, a gaban kwamfuta. Da lokacin jarrabawa ya wuce sai a tara masa darussan a cilla shi aji 11. Yaron ya hau aji, iyayensa sun yi murna, amma ilimin da aka rubuta masa ba ya kansa.

Kashi na biyu su ne sababbin zuwa. A 2008 umarni ya fito daga ofishin da ke kula da makarantu masu rauni a gundumar, cewa ɗalibin da ya zo daga wajen ƙasar a ajiye shi a aji 9 tsawon shekara, ko da kuwa ya zo da takardar sakamako daga makarantarsa ta Meksiko mai nuna ya wuce nan. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a duk labarin. Yarinya ta gama ajinta a Juarez, mai yiwuwa ta fi 'yan ajin El Paso iya lissafi, iyayenta sun riƙe takardunta cikin duk abin da suka iya tserewa da shi, ta miƙa su a ofis, a karɓa a ajiye gefe. Ba a tantance ta ba balle a ce ta gaza. Laifinta kawai, Turancinta bai nuna ba, kuma idan ta zauna a ajin da ya dace da ita za ta ja makin makaranta ƙasa. Budurwa 'yar shekara 17 da aka zaunar cikin 'yan shekara 14 ba ta cika daɗewa ba. Kunya da buƙatar gida sukan fitar da ita, kuma idan ta fita da ƙafarta babu wanda za a tuhuma.

Kashi na uku su ne waɗanda aka kora, a zahiri ko a fakaice. An riƙa yi wa ɗalibai gwaji tun da wuri don a gane waɗanda ake tsoron za su faɗi jarrabawar. Daga nan sai a kira yaro ofis, a ce masa makarantar nan ba ta dace da shi ba, gara ya koma wata, ko ya je ya nemi takardar da manya ke samu a madadin shaidar sakandare. Jami'an da aikinsu shi ne bin yara masu fashin makaranta gida-gida su dawo da su, su ne aka riƙa turawa su ce wa wasu su zauna a gida ranar jarrabawa. Sai kuma maganar gada. Duk safiya, tun duhu bai gama washewa ba, ɗaruruwan yara suna bin layi a kan gadojin da suka haɗa Juarez da El Paso, jaka a baya, takarda a hannu, suna jiran jami'in shige da fice ya duba su. Da yawansu 'yan Amurka ne na haihuwa waɗanda iyayensu ke zaune a tsallake. An tura wani jami'in gundumar ya tsaya da kyamara yana ɗaukar hotonsu, don a sami hujjar cewa ba mazauna gundumar ba ne a sallame su. Shi kansa jami'in daga baya ya fito ya ba da labarin abin da aka sa shi.

A nan dole a yi adalci. Sharaɗin zama a gunduma doka ce ta gaskiya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da irinsa a shari'ar Martinez da Bynum a 1983. Gundumar tana da ikon tambayar inda yaro yake kwana. Abin da ya mayar da aikin zalunci shi ne manufarsa: dokar da aka daɗe ana kawar da kai a kanta aka zaro lokacin da ake neman hanyar rage masu raunin Turanci kafin ranar ƙidaya. A ƙasar Hausa tsofaffi suna ba da labarin makiyayin da ke kora rabin garkensa daji idan mai ƙirgar jangali ya doso. Amma shi makiyayi da yamma yakan je ya koro dabbobinsa gida, don yana son su. Yaran El Paso da aka kora, babu wanda aka tura ya dawo da su.

To ta yaya asirin ya tonu, bayan hukumar jiha ta wanke gundumar? Ta wata ƙofa ce daban. A watan Agustan 2011 jami'an hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, suka kama García, ba a kan ɓatattun yara ba, a kan wata kwangilar dala 450,000 da ya karkatar ba tare da gasa ba zuwa kamfanin wata mace da yake nema. Ya sauka daga muƙaminsa kafin ƙarshen shekarar. Da babban bango ya faɗi, bakunan da tsoro ya rufe suka fara buɗewa: malamai, tsofaffin shugabannin makarantu, ma'aikatan ofis. Jaridar El Paso Times ta nemi rahoton kundin yara 77 ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai. Gundumar ta yi ta ja, har sai da ofishin babban lauyan jihar ya ce a saki. A watan Afrilun 2012 rahoton ya fito, kuma shugabancin riƙon ƙwarya na gundumar ya amsa a bainar jama'a cewa an tafka maguɗi. A watan Yuni García ya amsa laifi biyu a kotun tarayya, ɗaya na kwangilar, ɗaya na haɗa baki da wasu jami'ai wajen murɗe sakamakon jarrabawa. A watan Oktoba aka yanke masa ɗaurin wata 42, aka ce ya mayar da dala 180,000, aka kuma ci shi tarar dala 56,500. Wannan adadi na ƙarshe ba a banza aka zaɓe shi ba: shi ne jimlar tukuicin da ya karɓa saboda "haurawar" sakamakon jarrabawa, domin kwantiraginsa ya ɗaura ladansa a kan makin yara.

Saura tambayoyi biyu, kuma a ganina sun fi na farko muhimmanci. Ta farko: me ya sa iyaye ba su tayar da ƙura tun da wuri ba? Doka tana bayansu. A 1975 Teksas ta yi dokar hana kuɗin jiha ga karatun yaran da ba su da takardun zama, har gundumar Tyler ta ce kowane irin wannan yaro ya biya dala 1,000 a shekara. Wasu iyalai 'yan Meksiko suka yi kasadar kai ƙara, suna sane da cewa ana iya tasa ƙeyarsu. A 1982, a shari'ar Plyler da Doe, Kotun Ƙoli ta yanke da ƙuri'a 5 da 4 cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin takardunsa. Ita kanta Bowie tana da tarihin tsayawa: a 1992 ɗalibanta da ma'aikatanta suka kai jami'an tsaron iyaka kotu saboda tsare su da ake yi a harabar makaranta da kewayenta kan kamannin fuskarsu kawai, kuma alƙalin tarayya ya ba su gaskiya. Amma haƙƙi a littafin doka daban, ƙarfin halin nemansa daban. Uwar da ke wankin gidajen mutane, ba ta jin Turanci, wataƙila akwai wanda ba shi da takarda a ɗakinta, idan shugaban makaranta ya ce mata ɗanta ya nemi wani wuri, godiya za ta yi ta fita. Ba ta san cewa an taɓa kundin ɗanta ba, don ba ta taɓa ganin kundin ba. Waɗanda suka tsara abin sun san da haka. Sun zaɓi yaran da iyayensu ba su da bakin magana.

Ta biyu: yaya aka yi hukumar jiha ta duba sau biyu ba ta gani ba? Babban mai binciken kuɗi na Teksas ya amsa wannan a rahotonsa na 2013. Hukumar ba ta tura kowa El Paso ba. Ba ta zauna da malamai ko iyayen da ke da labari ba. Ta dogara ne da bayanan da gundumar da ake zargi ta aiko mata da hannunta. Wanda ya murɗe rajista shi aka ce ya kawo rajistar a duba. Kuma ba za a ce ba a taɓa ganin irin haka ba. Shekaru kaɗan kafin nan, a Houston, sakandaren Sharpstown, ita ma cike da 'ya'yan baƙi da talakawa, ta ba da rahoton cewa babu yaro ko ɗaya da ya daina karatu a shekarar 2001 zuwa 2002. Mataimakin shugaban makarantar, Robert Kimball, ya ƙaryata. Da jihar ta binciki makarantu 16 na birnin a 2003, ta gano cewa cikin ɗalibai wajen 5,500 da suka fita, fiye da rabi ya kamata a rubuta su a matsayin waɗanda suka daina karatu, amma an ba su wasu sunaye. Rod Paige, wanda ya shugabanci makarantun Houston har zuwa 2001, shi ne ministan ilimi na tarayya lokacin da aka kafa dokar 2002. Darasin yana nan a gaban hukumar, a cikin jiharta.

Ba na cikin masu cewa a daina auna makarantu. Idan ba a auna ba, ɗan baƙo da ɗan talaka ne za su fara nutsewa ba wanda ya sani. Kuskuren yana wajen abin da ake ƙirgawa. Muddin tambayar ita ce "cikin waɗanda suka zauna jarrabawa, nawa suka ci?", to an ba shugaban makaranta ikon zaɓen masu zama. Mu ma nan mun san makarantun da ke tace ɗalibai kafin rajistar WAEC, su ce wa raunana su je su yi rajista a wani wuri, sannan su manna sakamako a bakin ƙofa suna tallar kashi ɗari. Tambayar da ba ta da wannan kafa ita ce "cikin waɗanda suka shigo, ina kowannensu yake yanzu?" Wata ƙungiya mai fafutukar ilimin 'ya'yan talakawa a San Antonio, IDRA, tun 1986 take yin wannan lissafi duk shekara: ta ɗauki yawan 'yan aji 9, ta jira shekara uku, ta kwatanta da 'yan aji 12. A bincikenta na farko ta ga kashi 33 cikin ɗari na ɗaliban sakandaren Teksas suna zubewa a hanya. Irin wannan ɗebewa mai sauƙi, 381 a cire 170, ita ce ta fara fallasa El Paso, tun kafin FBI ta shigo.

Bayan hukuncin García, kwamishinan ilimi na jihar ya karɓe iko daga zaɓaɓɓun 'yan kwamitin makarantun gundumar a ƙarshen 2012, ya naɗa masu riƙo da suka kama aiki a 2013. A shekarar ce majalisar jihar ta tsananta hukuncin murɗe bayanan makaranta, ta kuma ƙara wa hukumar ilimi ikon aika sammaci idan tana bincike. A 2016 an gurfanar da ƙarin jami'an gundumar, amma shari'ar ta rushe a 2017 saboda masu gabatar da ƙara ba su miƙa wa lauyoyin waɗanda ake tuhuma wasu takardu a kan lokaci ba, daga baya aka janye tuhumar da dama daga cikinsu. Ita kuma dokar 2002 an maye gurbinta da wata a Disambar 2015, wadda ta sassauta tsanin hukuncin ta mayar da yawancin ikon ga jihohi.

Gyara mafi amfani shi ne wanda gwamnatin tarayya ta shimfiɗa ƙa'idarsa tun 2008, aka fara ba da rahoto da shi daga shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011: kowace sakandare ta bi sawun duk yaron da ya shiga aji 9, ta faɗi ko ya kammala cikin shekara huɗu. Da wannan ma'auni, riƙe yaro a aji 9 ko tura shi waje yana bayyana a lissafin makaranta. Sai dai ƙa'idar ta yarda a cire yaro daga lissafi idan ya koma wata makaranta, ko ya rasu, ko ya bar ƙasar. Komawa wata makaranta sai da takardar hukuma daga inda ya koma. Barin ƙasa kuwa ba ya buƙatar takarda daga wata makaranta a can, rubutaccen bayanin da makarantar da ya bari ta ajiye ya wadatar. A rajistar Teksas akwai lamba ta musamman ta ɗalibin da "ya koma ƙasarsu", akwai kuma ta wanda iyayensa suka ce za su koyar da shi a gida. Yaron da aka rubuta masa ɗaya daga cikin lambobin nan biyu ba ya shiga sahun waɗanda suka daina karatu.